Tambaya da Amsa: In Ɗan Takara Ya Ce Zai Rage Haraji, Wa Zai Cike Giɓin?

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025 babu kamfe a ƙasar nan, amma gardamar ƴan takara ba ta mutu ba a fadodin Maraɗi. Wasu har yanzu zaɓen 2021 suke tisawa, wasu sun koma kan na Najeriya na 2027, wasu kuma Amurka suke bi a waya. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kan haraji suke. Waɗanda suka zauna suka amsa su ne wani tsohon jami'in haraji, da kwantabul mai riƙe wa ƴan kasuwa littattafai, da malamin tattalin arziki. Alƙaluman da ke ciki na sefa ne kamar yadda ake rubuta su a takarda, ba lissafin dala ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da yayana shago ɗaya muke a babbar kasuwa, kayan masarufi muke sayarwa. A 2021 shi Tarayya ya yi, ni Canji, kuma har yau in aka taɓo siyasa sai maƙwabta sun raba mu. Na ce duk ɗan takarar da zai rage TVA shi ne na talaka, domin kaya za su sauko. Ya ce zancen kamfe ne kawai. Wa ke da gaskiya?
Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɗauko alƙalami tukuna. TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, a Nijar kashi 19 ce cikin 100. Kayan da kuɗinsu jika goma ne kafin haraji, mai saye zai biya 11,900. A ce wani ya hau mulki ya mai da ita kashi 15, kayan sun koma 11,500. An rage 400 ke nan, dala tamanin, a kan kayan da suka kusa jika goma sha biyu. Kashi uku ne da ɗan ɗori, kuma wannan in ragin ya iso hannun mai saye cif.

Sau da yawa ba ya isowa. Ƙaramin ɗan kasuwa irinku da ba ya cikin masu karɓar TVA ya riga ya biya ta cikin kuɗin sari, don haka kayan da ke sito sai sun ƙare a tsohon farashi. Sai matsalar canji: abin 250, ragin da zai samu wajen sefa 8 ne, kuma babu mai shagon da zai sauya farashi saboda sefa 8. A aljihunsa za ta tsaya. Sannan kayan da mutane ƙalilan ne ke shigo da su ƙasa, ba wanda ke tilasta musu su sauke, tun da babu mai karya musu farashi.

Babban abin da kuka manta ku biyun shi ne gero, dawa da wake da manomi ke kawowa kasuwa ba a ɗora musu TVA. Gidan da mafi yawan kuɗinsa a tiyar gero yake ƙarewa kusan ba zai ji ragin ba. Wanda ke kashe 20,000 a wata kan kayan da ke da TVA zai tsira da wajen 670. Wanda ke kashe 500,000, mai sayen siminti, rodi da na'urar sanyaya ɗaki, zai tsira da kusan 16,800. Ita kuwa baitulmali ta yi asarar huɗu cikin kowane goma sha tara na kuɗin TVA, fiye da kashi 21 cikin 100 na ɗaya daga manyan hanyoyin shigar kuɗinta. Ka kuma sani cewa dokar ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda har yanzu muna cikinta, ta ce TVA ta gama-gari ta tsaya tsakanin kashi 15 da 20. Wanda ya ce zai soke ta ko ya kai ta kashi 10 a kan komai, sai ya faɗa muku yadda zai yi da wannan dokar.

Yayanka ma bai cinye ba. Ragin da aka yi wa wasu kaya ƙidayayyu yana aiki, kamar yadda aka sa wa sukari da man girki kashi 5, domin kowa na iya bin farashin kwali ɗaya ko jarka ɗaya ya ga ko ya motsa. A ganinmu ɗan takarar da ya ambaci sunan kayan, ya ce daga kaza zuwa kaza, ya fi wanda ya ce "zan rage TVA" ya wuce.

Tambaya: Abokaina masu son Trump sun ce in aka rage haraji kasuwanci na bunƙasa har gwamnati ta samu fiye da da. Masu adawa da shi sun ce yaudarar masu kuɗi ce. Akwai hujja?
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Amsa: Akwai lissafi mai sauƙi da za ka riƙa yi duk lokacin da ka ji wannan magana: raba tsohon kaso da sabon. Harajin ribar kamfanoni a nan kashi 30 ne. In aka mai da shi 25, 30 a raba da 25 ya ba da 1.2, wato sai ribar da kamfanoni ke bayyanawa ta ƙaru da kashi 20 kafin a dawo inda aka tashi, ba a ma yi zancen ƙari ba. A misalin TVA na sama, sai cinikin da ake karɓar haraji a kansa ya ƙaru da kusan kashi 27.

Trump a 2017 ya sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. Da wannan lissafi sai riba ta ƙaru da kashi biyu bisa uku kafin a cike. Abin da ya faru shi ne kuɗin da gwamnatin tarayya ta karɓa daga kamfanoni ya faɗi da wajen kashi 30 a shekarar da ta biyo. Daga baya ya tashi, kuma a nan ne magoya baya ke kafa hujja, sai dai shekarun tashin su ne na hauhawar farashi da ribar da aka yi bayan annobar korona. A jihar Kansas an yi gwajin da ya fi wannan fitowa fili: gwamna ya zabtare haraji a 2012, kasafin kuɗi ya yi ta ɓulewa, a 2017 majalisar jihar, wadda ƴan jam'iyyarsa ne ke da rinjaye a cikinta, ta maido da mafi yawansa duk da ya ƙi sa hannu. A zaɓen 2024 Kamala Harris ta nemi a ɗaga harajin zuwa kashi 28, ta faɗi, ya zauna a 21.

Amma kada ka je ka ce wa abokanka sam maganarsu ba ta da tushe, domin akwai inda take gaskiya, kuma mutumin Maraɗi ya fi kowa sanin wurin: bakin iyaka. Jadawalin duwan da aka soma aiki da shi a 2015 matakai biyar gare shi, 0, 5, 10, 20 da 35. Kayan miliyan ɗaya da ke matakin 35 za su biya 350,000. Sannan TVA a kan 1,350,000 ake lissafa ta, ba a kan miliyan ɗayan ba, ta kama 256,500. Jimilla 606,500, ban da ƴan ƙananan kuɗaɗen da taranzite zai nuna maka a takarda. Mutumin da aka ce ya biya dubu ɗari shida a kan kayan miliyan, ga kuma yara da babura da suka san kowace ɓarauniyar hanya tsakanin Jibiya da Madarumfa, ka san abin da zai zaɓa. A irin wannan wuri sassauci kan jawo mutane su bi ta ofis, kuɗin shiga ya ƙaru. Arzikin Alhazan garin nan da dama ma a kan haka ya ginu: Najeriya ta hana shigo da kaya ko ta tsawwala musu kuɗin fito, kayan suka biyo ta nan. Sharaɗin shi ne kaso ya yi tsada ƙwarai kuma hanyar kauce masa ta kasance a buɗe. Albashin ma'aikaci, da ake yanke wa haraji tun kafin ya taɓa shi, ba ya cikin wannan.

Tambaya: Shin shugaban ƙasa shi kaɗai yana iya soke haraji ranar da ya sha rantsuwa? Yaya za mu gane alkawarin da zai cika?
Daga wata ƴar kasuwa, Tibiri

Amsa: Hajiya, inda ake mulki da majalisa ba ya iyawa. A ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 2010, doka ce ke tsai da abin da za a karɓi haraji a kansa, da kason, da yadda za a karɓa. Ministan kuɗi ke shirya dokar kasafi, majalisar ministoci ta amince, a kai wa depitoci 171 a zaman da suke yi a ƙarshen shekara, sannan ta soma aiki ranar 1 ga Janairu. Shugaban da aka rantsar a Afrilu, kamar yadda aka yi a 2021, ya tarar da kasafin shekarar yana tafiya. Sai dai ya kai dokar gyaran kasafi ko ya jira baɗi. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 da aka jingine kundin, da dokar shugaban ƙasa ake yin wannan aiki.

Ga misalai biyu da za su taimaka miki. A Gana, gwamnati ta sa haraji kan tura kuɗi ta waya a 2022, kashi 1.5, daga baya ta mai da shi kashi 1. John Mahama ya yi kamfe da cewa zai soke shi, ya ci zaɓe a Disamba 2024, a Afrilu 2025 ya sa hannu an soke. Ya cika ne domin ya kira harajin da sunansa, jam'iyyarsa ta samu babban rinjaye a majalisa, kuma abin da harajin ke kawowa bai kai yadda aka yi tsammani ba tun farko, don haka rashinsa bai karya kasafi ba. George Bush babba na Amurka kuwa a 1988 ya yi rantsuwar ba zai ƙara kowane irin haraji ba. Majalisa na hannun ƴan adawa, giɓin kasafi na ƙaruwa, a 1990 ya sa hannu kan ƙari, a 1992 ya sha ƙasa.

To in kin ji alkawari, fara tambayar wane haraji ne takamaimai, daga nawa zuwa nawa. Sai ki nemi sanin nawa ya kawo bara. Wannan yana cikin dokar kasafi, ba sirri ba ne. Sannan ina za a samo madadinsa: wani harajin, ko bashi, ko a rage wani aiki, kuma wane aikin. Amsar da aka fi ba da wa ita ce "za mu toshe sata da almubazzaranci". Da ma a toshe, amma albashin malamai ƙarshen kowane wata ake biya, kuɗin da za a ƙwato daga ɓarawo kuwa sai kotu ta gama shari'a, don haka ba a ɗora kasafi a kansu. Na ƙarshe, ki duba ko yana da depitocin da za su ɗaga masa hannu.

Tambaya: Mu da muke sari a Kantin Kwari da Dawanau muna jin hayaniya kan dokar harajin Tinubu. Masu masaukinmu a Kano wasu sun ce an kashe Arewa, wasu sun ce ƙarya ce ta ƴan adawa. Mene ne a ciki, kuma zai taɓa mu?
Daga wani Alhaji, Sabon Gari, Maraɗi

Amsa: Alhaji, abin da aka kai majalisa daban, abin da ya fito daban, kuma rabin gardamar da kuke ji a kan tsohon daftarin ake yin ta. A Oktoba 2024 Tinubu ya aika ƙudurori huɗu da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. Abu biyu suka tayar da ƙura. Na farko, a riƙa ɗaga VAT, wato TVA ɗinsu, daga kashi 7.5 mataki-mataki har ta kai 15 a 2030. Na biyu, yadda jihohi za su raba kuɗin. A da rabin kason jihohi ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. Daftarin ya nemi wannan na ƙarshe ya koma kashi 60. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba, domin manyan kamfanoni irin na waya da bankuna a Legas hedikwatarsu take, can ake rubuta harajin ko da a Katsina aka sayi katin. Masu daftarin suka ce ai shi ya sa suka sauya ma'aunin ya koma inda aka yi amfani da kayan. Gwamnonin suka ce ina alƙaluman da za a auna da su.

Ku lura da abu ɗaya: cikin waɗanda suka fi ɗaga murya har da gwamna Zulum na Borno, ɗan jam'iyyar Tinubu. Rigimar ta bi yanki ne fiye da jam'iyya, ko da yake yanzu da 2027 ke matsowa kowa na neman ya sa mata hular jam'iyyarsa.

Dokokin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, don su soma aiki a Janairu 2026, sun bar VAT a kashi 7.5. Kason gwamnatin tarayya ya sauko daga 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. Tsakanin jihohi rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba an ɗauke masa harajin samu, mafi girman kaso kuma 25 ne ga abin da ya haura naira miliyan 50.

Ku da kuke sari, VAT ba ta motsa ba, don haka dokar ba za ta sauya kuɗin yadi a Kwari kai tsaye ba. Abin da ya taɓa ku da gaske ba a kira shi haraji ba ko sau ɗaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, bayan makonni aka saki naira ta nemi farashinta. Kuɗin mota ya tashi, ƴan ruwa-ruwa a nan suka rasa ribar da suka saba, mutanen da ba su taɓa shan esansin gidan mai ba suka koma layi. Masu zagin Tinubu a kan wannan su tuna cewa Atiku da Peter Obi su ma sun ce za su cire tallafin a kamfen 2023. Saɓaninsu kan yadda za a cire ne da abin da za a yi da kuɗin. In kuna sauraron ƴan takarar 2027, abin da suka ce kan naira, man fetur da iyaka ya fi shafar jarinku. Kun ga rufewar 2019 da ta 2023 da idonku.

Tambaya: An ce in albashina ya haura 150,000 zan shiga masu biyan kashi 25, in koma karɓar ƙasa da na da. Gaskiya ne? Kuma wane irin alkawarin ragi ne zai amfane mu ma'aikata?
Daga wata malamar lakwal, Gidan Rumji

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Malama. Harajin albashi hawa-hawa ake yanka shi, kowane kaso a kan yankinsa kaɗai. Mu ɗauki jadawalin da aka yi shekaru ana aiki da shi, mu ce abin da ake lissafa miki haraji a kansa 160,000 ne a wata. Dubu 25 na farko kashi 1, wato 250. Dubu 25 na biye kashi 2, wato 500. Daga 50,000 zuwa 100,000 kashi 6, wato 3,000. Daga nan zuwa 150,000 kashi 13, wato 6,500. Dubu goman da ya haura shi kaɗai ke ɗaukar kashi 25, wato 2,500. Duka 12,750, kusan kashi 8 na albashin, kuma wannan kafin a yi miki rangwamen iyali. Ƙarin jika goma ya bar miki jika bakwai da rabi.

Da wannan jadawali za ki iya auna kowane alkawari. Wanda ya ce zai yafe haraji kan 50,000 na farko, abin da daɗin ji, amma 750 ne a wata ga kowa. Wanda ya ce zai sauke kashi 25 zuwa 20, ke 500 za ki samu, mai albashin 300,000 zuwa sama ya samu 7,500. Abin da zai fi yi wa masu matsakaicin albashi amfani shi ne a matsar da iyakokin sama, misali kashi 25 ya soma daga 200,000. Ba a cika jin wannan a dandalin kamfe ba, domin ba ya shiga waƙa.

Tambaya: Mun ga zamanin da Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, talaka ya huta. Me ya sa yanzu ba a samun mai irin wannan zuciya?
Daga wani dattijo, Tasawa

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, kun tuna daidai. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda a lokacin har Katsina tana cikinta, sun soke harajin kai da jangali da hawansu. Tsohon alkawari ne tun na NEPU da Malam Aminu Kano, kuma ba kuɗin kaɗai ake ƙi ba, har da wulaƙancin da ake sha wajen karɓa. A nan ma zamanin Kunce an sauke wa talaka lanhon gwamnati da harajin dabbobi.

Zuciya kam akwai ta, amma ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Can kuɗin man fetur ne ke kwararowa daga tarayya, nan kuma uraniyom ne ke kan ganiyarsa, har abin da ake tarawa daga kan talaka ya zama ɗan kaɗan a kasafi. Da farashin biyun ya karye a farkon shekarun 1980, Shagari ya shiga tsuke bakin aljihu a 1982, Nijar ta nufi Asusun Lamuni na Duniya. Shi kuma Balarabe, da yake majalisar jiharsa ta NPN ce, jam'iyyar Shagari, tsige shi aka yi a 1981.

Yau abin da ƙasar nan ke tarawa na haraji bai wuce kashi 10 ba na arzikin da take samarwa a shekara, alhali ma'aunin UEMOA kashi 20 ne. Dalili a fili yake: noma da kiwo, da su ne kusan kashi 40 na tattalin arziki, kusan ba a taɓa su, yawancin ciniki kuma ba faktir. Nauyin sai ya taru a kan ƴan kamfanonin da ke da lambar biyan haraji ta NIF, da ma'aikata, da kayan da suka bi ta duwan. Wanda zai yi irin na Rimi yau sai ya nuna rijiyar da zai ɗebo madadin. Ɗanyen man Agadem da aka soma fitarwa ta bututu a 2024 shi ake hange, amma darasin uraniyom bai tsufa ba.

Tambaya: Har yanzu mijina da ƙanena na gardama kan dokar kasafin 2018. Ɗaya ya ce zalunci ce, ɗaya ya ce gyara ce. Ku raba su.
Daga wata uwargida, Bagalam

Amsa: Kowanne ya riƙe gefe guda ya ƙi duba ɗayan. Dokar, wadda Hasumi Masa'udu ya kare yana ministan kuɗi, ta kawo sababbin haraji, ciki har da na mazauni da aka rataya a kan masu mitar lantarki, ta kuma faɗaɗa TVA zuwa wasu abubuwan da da ba su da ita. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin shiga ya yi kaɗan, tsaro na cin kuɗi, kuma mutanen karkara ba su abin ya shafa ba. A lissafi wannan hujja tana tsayawa. Sai dai a cikin dokar guda aka soke harajin da kamfanonin waya ke biya kan kiran da ke shigowa daga waje. Wannan ya ba ƙungiyoyin farar hula da ƴan adawa makami: an ɗora wa mai gida an sauke wa kamfani. Zanga-zanga ta soma tun Oktoba 2017, a Maris 2018 aka kama jagororin farar hula Musa Cangari, Ali Idrisa da Nuhu Arzika suka yi watanni a kurkuku. A kasafin 2019 gwamnati ta maido da harajin kiran. Wanda ya ce ana buƙatar kuɗi bai yi ƙarya ba, amma maidowar da aka yi ta nuna cewa a kan kamfanonin waya masu zanga-zanga ne ke da gaskiya.

Tambaya: Ɗana yana Amurka, ya ce an sa haraji kan kuɗin da yake turo mana. Ni zan biya in na je karɓa?
Daga wata Hajiya, Mokoyo

Amsa: A'a, Hajiya, can ake karɓa daga hannun mai turowa. Yana cikin dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025, kashi 1 ne, daga Janairu 2026. In ya turo dalar Amurka 300, za a karɓi 3 ban da ladan kamfanin. Ya shafi wanda ya kai tsabar kuɗi kanti ne, ko takardar da ke madadin tsaba. In daga asusunsa na banki ko da katin bankin can ya tura, ba a karɓa. Ki ce masa ya riƙa turowa ta asusun. A nan kuma duk wanda ya ce zai yanke miki wani abu da sunan harajin Amurka, ki nemi ya nuna miki a jikin rasit, ki kuma gwada da adadin da ɗanki ya faɗa miki kafin ki sa hannu.